Sakin da Bai Shiga Rajista Ba: Yadda Wata Mata a Jidda Ta Tabbatar da Mutuwar Aurenta

Asalin lamarin, 2013 zuwa 2022

Matar da wannan bayani ya shafa Bahaushiya ce haifaffiyar Jidda. Kakanta ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa ya zauna, aka haifi mahaifinta a nan, ita ma a nan. Fasfon Najeriya take riƙe da shi da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Tana aiki a wani asibiti mai zaman kansa, kuma wurin aikin ne kafilinta, wato mai tsaya mata a wurin hukuma. Mijin shi ma Bahaushe ne mai iƙama, direba a wani kamfanin kaya.

An ɗaura aurensu a 2013, aka rubuta shi a kotu kamar yadda ake yi wa baƙi mazauna ƙasar a lokacin, aka ba su sakki, wato shaidar kotu, na takarda mai lamba da kwanan wata na Hijira. Sadaki riyal 15,000 ne, an biya 10,000 lakadan, 5,000 ajalan. Sun haifi 'ya'ya biyu, namiji a 2014, mace a 2018, dukansu a ƙarƙashin iƙamar uban.

Abubuwa biyu da suka faru a waɗannan shekarun su ne suka zame mata ƙaya daga baya. Lokacin da aka buɗe mata Abshir, asusun intanet na hulɗa da hukumomin Saudiyya, mijin ne ya yi mata, kuma lambar wayarsa ya saka. Sannan a 2022, lokacin rushe-rushen tsofaffin unguwannin kudancin Jidda da aka fara tun ƙarshen 2021, gidan da suke haya ya shiga layi. A hada-hadar kwashe kaya jakar takardu ta yi ɓatan dabo, har da asalin sakkin aure. Ba wanda ya nemi madadinsa, tunda ba a ga ranar da za a buƙace shi ba.

Maris 2023: saƙon murya

A Janairun 2023 kamfanin ya mayar da mijin Riyad. Kuɗin cefane ya fara yankewa, rigima ta koma ta waya. Ranar 5 ga Maris 2023, daidai da 13 ga Sha'aban 1444, ya turo mata saƙon murya ta WhatsApp, da Hausa: "Ki tattara ki tafi gidanku, na sawwaƙe miki." Bayan kwana biyu yayanta ya tuntuɓe shi, shi kuma ya mayar masa da wani saƙon: "Yaya, ka yi haƙuri, na sake ta saki ɗaya tun shekaranjiya. Zan yi takarda a mahkama."

Ta koma gidan mahaifinta da yaran, ta yi idda, ta gama a ƙarshen Mayu. A wurin dangi da malamin unguwa magana ta ƙare: an yi saki, an yi idda, ba a yi kome ba. Da yayan ya sake tambayar takarda bayan babbar Sallah, mijin ya ce ya riga ya yi, tana cikin na'ura. Aka bar maganar a haka.

Dokar iyali ta Saudiyya, wadda ake kira Nizamul Ahwalis Shakhsiyya, ta fito a Maris 2022 ta fara aiki a Yuni na shekarar. Sashe na 90 ya ɗora wa miji wajibcin rubuta saki a hukumance cikin kwana 15 daga ranar da sakin ya zama ba'ini, wato wanda ba kome a cikinsa, kuma ya bar wa mace haƙƙin ta kai ƙarar tabbatar da shi. A saki ɗaya irin wannan, kwanakin suna fara ƙirguwa ne daga cikar idda. Tun Janairun 2019 kuma Ma'aikatar Shari'a take tura wa mace saƙon waya idan an rubuta saki a kanta. Matar ba ta ga saƙo ba. Ba ta ɗauki hakan a bakin komai ba, domin ta san duk saƙon hukuma wayarsa yake zuwa.

Fabrairu 2024: ma'azun ya ce akwai igiya a kanta

Bayan wata tara da gama idda wani ya fito neman aurenta. Iyaye suka daidaita, aka je wurin ma'azun, wato mai lasisin ɗaura aure. Ya nemi takardar sakin aurenta na farko. Babu. Ya ce ba zai iya rubuta aure a kan macen da ta taɓa aure ba sai da shaidar rabuwa, kuma a wurin hukuma har yanzu matar wancan ce.

A nan wani kawunta ya kawo shawarar da aka saba ji: a kira malam a ɗaura a gida da shaidu, takarda ta biyo baya. Mahaifinta ya ƙi. Hujjarsa ita ce duk ɗan da aka haifa a irin wannan aure ba zai sami takardar haihuwa da sunan ubansa cikin sauƙi ba, tunda rajista tana nuna uwar a ƙarƙashin wani mijin, kuma tsohon mijin yana iya tasowa ya ce aure aka ɗaura a kan aurensa. Aka ɗage ɗaurin aure sai abin da hali ya yi.

Fabrairu zuwa Afrilu 2024: neman takardar da babu ita

Kowa a gidan ya tafi a kan cewa takardar tana nan, gano ta ne kawai ya rage. Wata biyu da rabi suka tafi a kan wannan zato.

Da farko aka ba wani mu'aƙƙib, irin masu bin takardu a ofisoshi, riyal 1,500 da kwafin iƙamarta. Ya yi sati uku yana cewa gobe, daga ƙarshe ya ce sai an ƙara kuɗi domin fayil ɗin yana Riyad. Ba abin da zai iya samowa tun farko. Takardun aure da saki ba a buɗe suke ga kowa ba. Mai lamarin ne kaɗai, ko wakilin da ya ba wakilci a hukumance, yake ganin su. Kuɗin bai dawo ba.

Sai ta gwada shiga Najiz, shafin Ma'aikatar Shari'a, da kanta. Shiga Najiz sai ta Nafaz, manhajar tantance mai shiga shafukan hukuma, shi kuma Nafaz yana rataye da asusun Abshir, lambar sirri kuwa wayar mijin take tafiya. Maganin wannan bai ɗauki rabin awa ba da aka gane shi: ta je na'urar Abshir ta kai-da-kai, ta saka lambar iƙama, ta ɗora yatsa, ta sauya lambar waya zuwa layin da ke da rajista da sunanta. A ranar ta buɗe Nafaz, ta kuma sabunta adireshinta na ƙasa, Unwanul Waɗani, wanda har lokacin yake nuna gidan da aka rushe. Ba a shigar da ƙara sai da shi.

Da ta shiga ɓangaren takardun aure da saki a Najiz, ba ta ga takardar saki ba. Ba ta ga ta aure ba ma. Wannan ya rikita gidan, har wasu suka fara cewa ko auren ne tun asali ba a rubuta ba. Ta kira 1950, lambar ma'aikatar, aka yi mata bayani: sakkin 2013 na takarda ne, ba lallai ya bayyana ba sai an nemi a shigar da shi na'ura, kuma neman yana buƙatar lambar sakkin, kwanan watansa da kotun da ta bayar.

Lambar ita ce matsalar, tunda asalin ya ɓata. Aka bi duk inda aka taɓa miƙa kwafi: asibitin da ta haihu, makarantar yaron, fayil ɗin fasfon yaran a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. A ƙarshe kwafin ya fito daga inda ba a zata ba, cikin tsohuwar wayar ƙanwarta, wadda ta ɗauki hotonsa a 2018 lokacin da ake neman takardar haihuwar yarinyar. Hoton ya ɗan karkace, gefe guda yatsan mai riƙewa ya rufe hatimi, amma lamba da kwanan wata sun fito tar. Da su ta nemi a shigar da sakkin, bayan kwanaki ya bayyana a asusunta.

Yanzu aka ga gaskiyar lamarin. Aure yana nan a rubuce, ba wani saki da aka ɗora a kansa, a Jidda ko a Riyad. Rajistar ɗaya ce a duk ƙasar, saboda haka ba wata kotu ta daban da za a je a tono. Mijin bai taɓa rubutawa ba.

Afrilu zuwa Mayu 2024: zaman dattawa da tayin khul'i

Hanya mafi gajarta ita ce mijin ya rubuta da kansa. Yana iya yi daga wayarsa a Najiz: ya zaɓi rubuta saki, ya saka bayanan sakkin aure, adadin sakin, lafazinsa da ranar da ya faɗa. Bayan ƙaramar Sallah aka tura masa dattawa biyu daga danginsa. Ya karɓe su da mutunci, ya ce ya ji an ce za ta yi aure, shi kuma bai ga dalilin da zai sa ya sauƙaƙa wa wani hanya a banza ba. Sharaɗinsa: a rubuta khul'i, ta mayar da 10,000 da ya biya, ta yafe 5,000 da suka rage, ta kuma yafe ciyar da yara na baya da na gaba.

Manemin ya ce zai biya a huta. Yayanta ya ce a dakata, suka biya wani lauya riyal 500 na zama ɗaya. Abin da ya gaya musu shi ne, khul'i rabuwa ce da mace take saya daga mijin da take ƙarƙashinsa, ita kuwa ta fita daga hannunsa tun Mayun 2023. In ta sa hannu, ta amsa da bakinta cewa ita matarsa ce har zuwa ranar, ranar rabuwa ta koma 2024, sabuwar idda ta hau kanta, kuma ta sayi abin da yake nata. Game da yara kuwa, dokar ta hana a mayar da haƙƙinsu ko riƙonsu fansar khul'i, ko da uwar ta yarda. Aka mayar wa dattawan amsa cewa ba za a yi ba.

Yuni 2024: ƙara ta farko da ta biyu

Shari'ar iyali ba a biya mata kuɗin kotu. Dokar kuɗaɗen shari'a ta keɓe ta. Kuma sashe na 39 na dokar tafiyar da shari'a ya ba mace zaɓi a lamuran aure ta kai ƙara a garinta ko a garin mijin. Don haka ba ta buƙaci zuwa Riyad ba.

Ƙarar farko wani ofishin buga takardu ne ya cike mata a Najiz. Mai bugawar ya ji an ce miji ya tafi ya daina ciyarwa, sai ya zaɓi faskhu, wato neman alƙali ya warware aure saboda cutarwa. A cikin bayanin kuma ya rubuta cewa mijin ya sake ta tun Sha'aban 1444. Aka dawo da takardar tun a matakin tantancewa: ba a neman warware auren da mai ƙara da kanta ta ce ya riga ya mutu. Hutun babbar Sallah ya shigo, kusan sati uku suka tafi.

Ta biyun ita da yayanta suka cike, da rubutun da lauyan ya tsara musu. Nau'in ƙara: isbatu ɗalaƙ, tabbatar da saki. Bayanin bai wuce layi goma ba: ranar aure da lambar sakki, ranar saki da Hijira da Miladiyya, lafazin da aka faɗa, cewa saki na farko ne, cewa idda ta cika da jini uku ba tare da kome ba, sai buƙata guda, a tabbatar da sakin daga 13/8/1444. Aka haɗa da hoton iƙama, sakkin aure, takardun haihuwar yara, lambar iƙamar mijin da fassarar saƙonsa na farko. Ciyarwa da sauran sadaki aka shigar da su daban, domin kada gardamar kuɗi ta riƙe maganar saki.

A wannan gaɓar akwai bambancin da ke ruɗa mutanenmu. Mafi yawan Hausawa a kan mazhabar Malikiyya suka tashi, inda ake ƙirga idda da tsarki uku. Dokar Saudiyya da jini uku take ƙirgawa. Haka nan saki uku a kalma ɗaya ko a zama ɗaya, dokar ɗaya take ɗaukarsa. Wanda zai rubuta ƙara sai ya yi lissafinsa da ma'aunin kotun da zai tsaya gabanta, ya kuma faɗi lafazin yadda aka furta shi, ya bar wa alƙali ƙirga.

Yuli zuwa Agusta 2024: teburin sulhu

Tunda akwai yara, aka fara tura su sulhu ta dandalin Taradi. Sammaci ya je wa mijin ta saƙon waya a lambarsa ta Abshir, wanda a doka isar da sammaci ne cikakke. An yi zama biyu ta bidiyo, ita a ɗakin mahaifinta, shi a cikin mota.

A kan kuɗi an daidaita. Zai riƙa biyan riyal 1,000 duk wata na yara biyu, su zauna wurin uwarsu, ya ɗauke su a hutun makaranta, ya biya 5,000 na sauran sadaki kashi biyar. Ta nemi abin da ta kashe wa yaran tun Maris 2023, wata 15 kafin ƙara. Mai sulhu ya nuna mata cewa dokar ba ta sauraron neman ciyarwar yara ta baya fiye da shekara ɗaya kafin ranar shigar da ƙara, kuma sai in wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi. Ta sami wata 12, riyal 12,000, ana ƙara 500 a kan na kowane wata. Wata uku suka faɗi. Aka rubuta takardar sulhu, su biyun suka amince ta Nafaz. Wannan takarda ƙarfinta ɗaya da hukunci. Kotun zartarwa tana aiki da ita kai tsaye.

A kan saki kuwa ya tsaya kai da fata cewa bai saki ba. Aka mayar da wannan ɓangaren kotun iyali ta Jidda.

Satumba zuwa Nuwamba 2024: gaban alƙali

Sashe na 93 na dokar iyali ya ce ba a karɓar maganar mace a da'awar saki sai da hujja. Nauyin yana kanta. Dokar hujjoji da ta fara aiki a 2022 ta amince da hujjar na'ura, har da saƙonnin waya, amma harshen kotu Larabci ne, duk abin da ke wani harshe sai da fassarar ofishi mai lasisi.

A zaman farko fassarar ce ta kusa kayar da ita. Ofishin da ya yi ta, a kan riyal 150, ya bi kalma da kalma. "Na sawwaƙe miki" ta fito da ma'anar na sauƙaƙa miki, "ki tafi gidanku" ta fito kamar umarnin zuwa ganin gida. Duk Bahaushe ya san abin da miji yake nufi in ya ce ya sawwaƙe wa mace, amma alƙali abin da ke kan takarda yake karantawa. Mijin ya amsa cewa muryarsa ce, ya ce nufinsa ta je ta huta har zuciya ta sauka. Alƙali ya bayyana cewa lafazin saki iri biyu ne a dokar: sarihi, wanda ba ya buƙatar a tambayi niyya, da kinaya, wato magana a sakaye, wanda ba ya zama saki sai mijin ya nufa. Ko an gyara fassarar, wannan lafazi yana iya zama kinaya, mai niyyar kuma ga shi yana musu. Ya tambaye ta ko tana da wata hujjar. Ta nemi a ba ta lokaci.

Saƙo na biyu, wanda ya tura wa yayanta, ba a saka shi cikin ƙarar ba, saboda yayan ya sauya waya, ya zaci saƙon ya ɓace. Tsohuwar wayar tana cikin durowa da fasasshen gilashi. Aka kai ta wurin mai gyara da sharaɗin kada ya goge komai, kada ya cire manhajar, gilashi kawai zai sauya. Saƙon yana nan, da lambar mijin a sama da ranar 7 ga Maris 2023. Lauyan ya ja kunnensu kada su tura shi wata waya su dogara da kwafin, domin kwafi ranar turawa da lambar mai turawa yake ɗauka. Aka ɗauki bidiyon fuskar wayar tun daga lambar har zuwa kunna saƙon, aka ajiye wayar kanta don ko za a nema. Fassara ta biyu, riyal 300, a wani ofishin aka yi ta, aka rubuta Hausar yadda take, Larabcin a ƙarƙashinta, "na sake ta saki ɗaya" ta fito da kalmar ɗalaƙ ƙarara.

A zama na biyu aka kunna. Mijin ya yi shiru, sannan ya amsa cewa shi ne. Alƙali bai tsaya nan ba, ya yi tambayoyin da dokar ta sa a yi, domin akwai halayen da saki ba ya aukuwa a cikinsu: fushin da ya kai mutum bai san abin da yake faɗa ba, ko mace tana cikin al'ada ko jinin biƙi, ko tsarkin da aka sadu a cikinsa, in mijin ya san halinta. Mijin ya ce ransa a ɓace yake. Aka nuna masa cewa bayan kwana biyu ya maimaita maganar cikin natsuwa, har da ba da haƙuri da alƙawarin takarda. Ita kuma ta ce tana cikin tsarki a ranar, kuma rabonsa da Jidda tun Janairu. Bai musa ba.

Sai ya sauya ƙafa: ya ce ya mayar da ita cikin azumin 1444, kafin idda ta cika. Wannan da'awa in ta tabbata komai ya rushe, domin kome a cikin iddar saki ɗaya ba ya buƙatar yardar mace. Aka nemi hujjarsa. A zama na uku ya kawo abokin aikinsa guda, wanda ya ce ya ji shi yana cewa yana so ya mayar da matarsa bayan Sallah. Alƙali ya tambayi shaidan ko ya ji ya ce ya mayar. Ya ce a'a, so ya ce yana yi. Ba saƙo, ba kira ga waliyyinta, ba zuwa Jidda, ba ko riyal ɗaya da ya turo a watannin. A ɓangarenta, sashe na 94 ya ce ana karɓar maganar mace a kan cikar iddarta in lokacin yana iya ɗaukar hakan bisa al'ada, kuma kwana tamanin da 'yan kai yana ɗauka. Ta yi rantsuwa cewa ba ta san da wani kome ba har ta gama.

Ta kuma nemi diyyar da sashe na 91 ya tanada ga matar da mijinta bai rubuta saki ba. Ba ta samu ba. Diyyar ta macen da ba ta san an sake ta ba ce, daga ranar sakin zuwa ranar da ta sani, ita kuwa hujjarta da kanta ta nuna ta sani tun ranar.

A tsakiyar Nuwamba aka yanke hukunci: saki ɗaya ya tabbata daga 13/8/1444, idda ta cika, ta zama ba'ina ƙaramar rabuwa, ba ta halatta gare shi sai da sabon ɗaurin aure da yardarta.

Disamba 2024 zuwa farkon 2025

Hukunci ba ya zama na ƙarshe sai kwana 30 na ɗaukaka ƙara sun wuce. Dangin manemin sun so a sa rana tun a makon, ma'azun ya ce sai sakkin ya nuna ya zama tabbatacce. Mijin bai ɗaukaka ba. A tsakiyar Disamba alamar ta fito a Najiz, ta sauke sakkin, ta buga kwafi uku, ta ajiye ɗaya a gidan yayanta. Ba ta sake wata idda ba, tunda ranar da hukuncin ya kafa ta 2023 ce. An ɗaura aurenta a Janairun 2025.

Kuɗin yara ya tsaya wata biyu a jere bayan ɗaurin auren. Ta shigar da buƙatar zartarwa a Najiz da lambar takardar sulhu, ba tare da sabuwar ƙara ba, biya ya dawo.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Daga ranar da ma'azun ya mayar da su zuwa ranar da sakki ya tabbata wata goma ne. Kusan huɗu daga ciki sun tafi kafin a shigar da ƙarar da ta dace, kuma mafi yawansu an kashe su ne wajen neman takardar da ba a taɓa rubutawa ba. Kuskuren na farko shi ne karɓar "na yi takarda" daga bakin mutumin da takardar ba ta amfane shi da komai ba. Da a Yunin 2023, bayan kwana 15 ɗin da doka ta ba shi, ta duba asusunta da lambar wayarta, da ta ga babu, da ƙarar ta shiga tun kafin a sami manemin da zai sa mijin ya ga abin ciniki, kuma da wata ukun yaran ba su faɗi ba. Cikin riyal 2,450 da aka kashe, 1,650 na mu'aƙƙib da fassarar farko asara ce tsantsa. Ɗari biyar na lauya su suka fi kowane amfani, domin su suka hana ta sayen khul'i suka kuma gyara nau'in ƙara.

Abin da ya ci shari'ar saƙo na biyu ne, kuma sa'a ce ta sa ya tsira a cikin durowa. Kunyar da ke sa Bahaushe ya ce "na sawwaƙe miki" maimakon ya ambaci saki tana da kyau a zaure, amma a kotu tana bar wa miji ƙofar musu, mace kuma ita ake tambaya hujja. Waliyyin da aka kawo wa 'yarsa da irin wannan lafazi, abin da ya kamata ya yi a ranar shi ne ya sa mijin ya faɗi kalmar ƙarara, da adadi da rana, a rubuce ko gaban maza biyu, kamar yadda iyayenmu suke cewa a ba ta takardarta. Ƙin ɗaura aure a gida da mahaifinta ya yi shi ma daidai ne. Da an ɗaura, da'awar kome da mijin ya kawo a zama na biyu da ta faɗa a kan macen da ke ɗakin wani, wataƙila da ciki.

Abu biyu suna nan ba a warware ba. Iƙamar yaran har yanzu a ƙarƙashin ubansu take, shi ke biyan kuɗin 'yan rakiya na riyal 400 a wata kan kowane yaro, shi ke sabuntawa, kuma takardar sulhun ba ta ce komai a kan wannan ba, alhali a teburin sulhu ne ya fi sauƙi a rubuta shi. Sannan dokar ta sa sharaɗin kada mai riƙon yaro ta auri namijin da yake bare ga yaron, sai in maslahar yaron ta nuna akasin haka. Uban bai tayar da maganar ba tukuna. In ya tayar, kotu za ta duba inda yaran suka fi samun kulawa, don haka yayanta yana tara mata takardun makaranta, katin asibiti da rasit na duk abin da take kashe musu, wata bayan wata, a jaka guda.